Mun hana talabijin, mun bar waya a aljihu: ina ma'aunin tsarkinmu?

Ɗan_Zabura:
Salama gare ku 'yan'uwa a cikin Ubangiji. Akwai tambayar da matasa ke ta yi, har yanzu ba a ba su amsar da ta zauna ba, shi ya sa na kawo ta zauren nan. Ikkilisiyoyi da dama masu koyar da tsarki sun daɗe da dokar cewa memba ba ya shiga gidan silima, ba ya ajiye talabijin a gidansa. An sa mutane a horo a kan haka, an hana wasu jibin Ubangiji. To yau memban da ba shi da talabijin yana da waya a aljihu, kuma duk abin da talabijin ke nunawa yana cikinta, har da abin da babu tashar da za ta yarda ta nuna. Ikkilisiyar kanta tana ɗora sujada kai tsaye a Facebook da YouTube. Ɗaya cikin biyu ne: ko dai talabijin zunubi ne, waya kuwa ta fi shi, sai mu yar da wayoyin, ko kuma ba zunubi ba ne tun farko, an zalunci waɗanda aka hora ke nan. Wanne ne? Don Allah a kawo nassi da hujja, ban da "haka muka tarar".

Dattijo_Ishaku:
Ɗana, tambayarka tana da kyau, amma ka fara daga tsakiyar labari. Dokokin da John Wesley, wanda ya kafa Methodist, ya rubuta wa ƙungiyoyinsa a 1743 ba su ambaci wata na'ura ba. Abin da suka hana shi ne nishaɗin da ba za a iya yin sa cikin sunan Ubangiji Yesu ba, da rera waƙoƙi ko karanta littattafan da ba sa kai mutum ga sanin Allah ko ƙaunarsa. Ka ga aiki aka kama, ba kaya ba. Da silima ya zo, sai aka ambaci gidan silima da suna, domin wuri ne da ake ganin mai shiga da mai fita. Da talabijin ya shiga gidaje a Amurka a shekarun 1950, rikicin da kake magana a kai ya tashi tun a lokacin. Cocin Nazarene, wanda aka kafa a 1908, a lokacin yana hana zuwa silima amma bai hana talabijin a gida ba, sai dai ya ce a yi hattara. Masu tsananin ra'ayi suka ce wannan baki biyu ne: fim ɗin da ka hana a gari shi ne ka shigo da shi falo. Wannan na cikin abubuwan da suka sa wasu suka fice suka kafa Bible Missionary Church a 1955. Saboda haka ba waya ce ta kawo tufka da warwarar nan ba, tona ta kawai ta yi.

Me ya sa dattawa suka fi son ambatar na'ura? Don tana da sauƙin dubawa. Eriya a kan rufi, kowa na ganinta daga bakin hanya. Zuciya kuwa ba ta da eriya.

Malama_Tabita:
Baba Dattijo, a ƙara da wannan. United Pentecostal Church International ta daɗe tana hana ma'aikatanta mallakar talabijin ko yin wa'azi a cikinsa. A babban taronsu na 2007 a Tampa aka amince ikkilisiyoyi su riƙa yin talla a talabijin. Wasu fastoci ba su yarda ba, suka fice suka kafa Worldwide Pentecostal Fellowship a 2008. A 2013 aka sauya dokar kanta, ta tashi daga hana akwatin ta koma kan abin da ake kallo, a kowace na'ura. Ku lura da shekarar 2007 ɗin nan: ita ce shekarar da iPhone ta fito. Ana can ana raba coci a kan akwatin da ke falo, na aljihu yana shigowa ta taga. Deeper Life ma, da aka sani da hana membobinta talabijin a shekarun baya, yau tana watsa wa'azi ta tauraron ɗan'adam da intanet.

Kefas_K:
Ni dai amsar a fili take. Zabura 101:3, ba zan sa mugun abu a gaban idanuna ba. Matiyu 5:29, in idonka na dama yana sa ka tuntuɓe, ƙwaƙule shi. Mutanen Afisa da suka tuba sun ƙone littattafan sihiri na azurfa dubu hamsin, ba su ce bari mu tace su ba. Iyayenmu ba su yi kuskure ba, mu ne muka yi sanyi. A koma ƙaramar waya mai maɓalli, kira da saƙo kawai, magana ta ƙare.

Lami_Mawaƙiya:
Yaya Kefas, da wace na'ura ka turo wannan saƙon?

Kefas_K:
'Yar'uwa, kama ni da laifi ba ya mayar da dokar ƙarya. Likita mai shan taba in ya ce taba na cutarwa, gaskiya ya faɗa.

Rabaran_Y:
Kefas ya faɗi gaskiya a nan, munafuncin mai wa'azi ba ya rushe wa'azin. Amma misalin Afisa bai hau ba, ɗan'uwa. Littafin sihiri ba shi da wani amfani sai sihiri. Waya kuwa da ita ake karɓar albashi, da ita ake kiran asibiti, a cikinta mutane da yawa ke karanta Littafi Mai Tsarki.

Inda muke cakuɗa abubuwa shi ne, akwai hawa uku, mu kuma muna wa'azinsu da murya ɗaya.

Na farko umarnin nassi. Kallon mace da sha'awa, Matiyu 5:28. Fasikanci da maganar batsa da alfasha, Afisawa 5:3-4. Baza labarin ƙarya, Fitowa 23:1. Wannan ba ya sauyawa, ko a takarda ne, ko a bango, ko a gilashin waya.

Na biyu shingen ikkilisiya. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta ce wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufinsa rawani, kada wani ya faɗo. Hawa rufi ba zunubi ba ne, amma faɗowa kisa ne, shi ya sa ake ginin. Dokar talabijin irin wannan ce. Ikkilisiya tana da ikon yin ta. A Irmiya 35 Allah ya yaba wa Rekabawa don sun kiyaye dokar kakansu Yonadab ta ƙin shan ruwan inabi da ƙin gina gidaje, alhali Allah bai ɗora wa sauran Isra'ila wannan ba.

Na uku lamirin mutum, Romawa 14. Wani ya san kansa, ya san in ya riƙe babbar waya zai faɗi, sai ya ajiye ta. Allah ya sa masa albarka, amma kada ya hukunta ɗan'uwansa.

Laifin da aka yi shi ne ɗaukar na biyu a yi wa'azinsa kamar na farko, wanda Ubangiji ya tsawata a Markus 7. Da an ce "wannan shingenmu ne don kare gidajenmu", da yau sai a matsar da shi zuwa inda ramin ya koma, ba wanda zai ji kunya. Amma an ce "mai talabijin ba zai ga mulkin Allah ba". Wanda ya faɗi haka, yau in ya tsaya gaban kyamara dole a ce ya lashe amansa.

Ɗan_Zabura:
Baba Rabaran na gode. To amma ko a matsayin shinge, ai ba a matsar da shi ba. A wasu wuraren yana nan rubuce a littafin dokoki, ba mai karantawa. A wasu kuma an share shi shiru, ba a gina komai a madadinsa ba.

Bitrus_G:
Ni ban ga abin wahala ba. Markus 7:15, ba abin da ke shiga mutum daga waje ke ƙazantar da shi ba, sai abin da ke fitowa daga zuciya. Wuƙa ce, ka yanka nama ko ka yanka mutum. A gyara zuciya a bar na'ura.

Injiniya_Haruna:
Malam Bitrus, ayar tana maganar abinci da wanke hannu ne, ka duba aya 19. Sannan misalin wuƙa bai dace ba. Wuƙa ba ta kiranka da tsakar dare. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Mu auna su biyun ta fuskar yadda aka ƙera su. Talabijin na da yana falo, kowa na ganin abin da kake kallo. Yana da jadawali, abin da aka sa shi za ka gani, tashoshi kaɗan ne, akwai hukumar da ke sa musu ido, da yawansu ma suna rufewa da dare. Waya ta mutum ɗaya ce, tana shiga ɗaki da bayan gida, ga abin sawa a kunne. Ba ta da ƙarshen shiri: bidiyo na ƙarewa wani na farawa da kansa. Mafi muhimmanci, TikTok da gajerun bidiyon YouTube da Facebook suna auna daƙiƙa nawa ka tsaya a kan kowane hoto. Ba sai ka danna komai ba. Ka ɗan dakata a kan bidiyon rawa sau biyu ko uku, na'urar ta rubuta cewa wannan yana riƙe ka, gobe ta ƙara maka irinsa mai ɗan zafi. Talabijin bai taɓa sanin raunin mai kallo ba, waya ta san naka dalla-dalla. Kuma da talabijin kai mai karɓa ne kurum, da waya kai ma tasha ce, kana watsawa.

Saboda haka duk dalilin da aka bayar na hana talabijin, ɓata lokaci, hotunan tsiraici, kashe addu'ar iyali, ya fi hawa kan waya. In daidaito ake nema, ikkilisiyar da ta hana akwati ta yi shiru a kan waya ta tace ƙwaro ta haɗiye raƙumi.

Kefas_K:
Ka dawo kan maganata ke nan, Injiniya.

Injiniya_Haruna:
A kan ciwon mun yarda, a kan maganin ne muka rabu. Ƙaramar waya ma ba duka ce tsarkakakkiya ba. Da yawansu suna da ramin katin ajiya, suna buɗe bidiyo, suna karɓar fayil ta Bluetooth, wasu har da burauza. Dokar "waya mai maɓalli kawai" za ta haifar da waya biyu: ta zuwa sujada da ta ƙarƙashin filo.

Malama_Tabita:
Masu son ganin yadda ake yin shinge da tsari su dubi Amish na Amurka, Kiristocin da ke ƙaurace wa yawancin kayan zamani. Ba wai ina cewa mu koma keken doki ba. Wajen 1910 Amish na Lancaster a Pennsylvania suka hana sa tarho a cikin gida. Ba su ce tarho shaiɗan ne ba. Sun ga yana kawo tsegumi, yana rage ziyara, yana katse zaman iyali. Daga baya suka yarda a gina ɗan ɗaki a bakin hanya ko gefen gona a sa tarho a ciki, iyalai da dama su yi tarayya a kai. Kana da bukata, ka taka ka je. Dokokin nasu, da suke kira Ordnung, kowace ƙaramar ikkilisiya tana sake tabbatar da su sau biyu a shekara kafin jibin Ubangiji, membobi suna furta amincewarsu. Abubuwa uku ke nan da mu ba mu yi: faɗin dalili, bambanta mallaka da amfani, da sa ranar sake dubawa. Su ma wayar hannu tana ba su wahala yanzu, musamman 'yan kasuwarsu, don ita ba a ɗaure ta a bakin hanya.

Dattijo_Ishaku:
Kada kuma a manta, rediyo ma an yi masa kallon tsoro da farko. Amma mai wa'azi Aimee Semple McPherson ta buɗe tashar KFSG a Los Angeles a 1924, HCJB ta fara watsa bishara daga Quito a 1931, ELWA a Laberiya a 1954. Yau wa ke tuhumar rediyo? Kowace sabuwar na'ura haka take bi: a hana, sai a yarda don bishara, sai a yarda don kasuwanci, sai kowa ya mallaka, sai a yi kamar ba a taɓa hanawa ba. Matakin ƙarshen nan ne ke cin amanar matasa.

MamanYara_3:
'Yan'uwa tarihi ya isa haka. Iyaye na karanta zauren nan. A faɗa mana abin da za a saita a waya, mataki-mataki.

Mai_Gyaran_Waya:
Mama, ga shi, tare da inda kowanne ke yoyo.

Matatar adireshi. A wayar Android daga sigar 9 zuwa sama, a shiga saiti, ɓangaren sadarwa da intanet, a nemo Private DNS, a zaɓi rubuta suna da hannu, a sa family.cloudflare-dns.com. Wannan yana toshe sanannun shafukan batsa da na cuta, ko da data ake amfani ko da wayifai. In na'urar wayifai ta gida ce, a shiga shafinta a sauya lambobin DNS zuwa 1.1.1.3 da 1.0.0.3. A kula: 1.1.1.2 cuta kawai yake toshewa, ba ya taɓa batsa, mutane da yawa na kuskuren nan. Akwai kuma na OpenDNS, 208.67.222.123 da 208.67.220.123.

Inda yake yoyo: sunan shafi kawai matatar ke gani, ba ta ganin abin da ke ciki. In an bar X ko Telegram a buɗe, duk ƙazantar da ke cikinsu za ta wuce. Manhajar VPN ɗaya ta kyauta, wato mai bi da waya ta wata ɓoyayyiyar hanya zuwa intanet, tana iya tsallake ta. Wadda aka sa a wayifai na gida ba ta bin yaro in ya kunna datarsa. Kuma saitin Private DNS ba shi da makulli, wanda ya san wurin zai kashe shi cikin daƙiƙa goma.

Shi ya sa makullin gaske shi ne hana sauke sabuwar manhaja. A Android, Family Link, manhajar Google ta iyaye: a buɗe wa yaro asusun Google nasa ta wayar iyaye, a sa duk abin da zai sauke sai an amince, a sa iyakar awoyi da lokacin barci. Kuskuren da aka fi yi shi ne a miƙa wa yaro waya da asusun babba a ciki, ko a ƙara masa shekaru wajen buɗe asusu. Daga nan babu abin da zai kama. A iPhone, Screen Time: a sa lambar sirri mai lamba 4 dabam da ta buɗe waya, a kunna takaita abin da ke ciki, a hana sauke manhaja da goge ta, a takaita shafukan manya. Da ya tambayi asusun Apple na dawo da lambar in an manta, kada a sa na mai wayar, don da shi zai sauya lambar da kansa.

A YouTube a kashe kunna bidiyo na gaba da kansa, a kunna Restricted Mode, a kuma kashe ajiye tarihin kallo. Tun 2023, in tarihin a kashe yake kuma an goge na baya, shafin farko yana zama fayau, sai abin da ka nema da hannunka. A WhatsApp a kashe sauke hoto da bidiyo da kansu a ɓangaren ajiya da data, a kuma saita cewa waɗanda ke cikin lambobinka kaɗai ke iya sa ka a guruf.

Na ƙarshe ba saiti ba ne: a yi cajin duk wayoyin gida a falo da dare, har da ta maigida. A sayi agogon ƙararrawa, don uzurin da kowa ke kawowa ke nan.

MamanYara_3:
Allah ya saka. "Har da ta maigida" ɗin nan ne za a sha daga.

Rabaran_Y:
To ai nan ne daidaiton yake, Mama. Luka 11:46, kuna ɗora wa mutane kaya masu nauyi, ku kuwa ko da yatsa ɗaya ba kwa taɓawa. Duk shingen da fasto da dattawa ba za su shiga ciki ba, kada a gina wa matasa.

Bitrus_G:
Me zai hana ikkilisiya ta wajabta manhajar sa ido irin Covenant Eyes, rahoto ya riƙa zuwa wa fasto? Sai a huta.

Injiniya_Haruna:
A yi hankali da wannan. Irin waɗannan manhajoji suna ɗaukar hoton fuskar waya lokaci-lokaci su aika wa wanda ka zaɓa. In mutum da kansa ya zaɓi amintaccen ɗan'uwa, yana taimakawa ƙwarai. In ikkilisiya ta tilasta, abin ya zama leƙen asiri: saƙon matarka, bayanin asibiti, harkar banki, duk suna iya faɗawa hannun wani. A 2022 mujallar Wired ta buga bincike kan yadda wasu ikkilisiyoyi a Amurka ke amfani da su a kan membobi, har Google ta cire Covenant Eyes da Accountable2You daga kasuwarta na wani lokaci. Ga kuma tambayar da ba a so: rahoton wayar fasto, wa zai karɓa? In za a yi, ya zama da son rai, namiji da namiji, mace da mace, a kuma amince tun farko me za a yi in an ga abu. In ba haka ba, ranar da aka yi saɓani sirrin mutum zai zama makami.

Lami_Mawaƙiya:
Duk maganar ta tafi kan batsa, kamar ita kaɗai ce zunubin waya. Guruf ɗin WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024. A da mai tsegumi sai ya taka gida-gida, yau da yatsa ɗaya ya gama da sunan 'yar'uwa, a ƙarƙashin "mu sa ta a addu'a". Ga annabcin ƙarya da ake turawa, ga maganin da aka ce yana warkar da komai, ga hoton gawa ba tare da izinin dangi ba, ga "tura wa mutum goma ka ga mu'ujiza". WhatsApp kanta ta gaji ta takaita turawa zuwa wuri 5 a lokaci guda, saƙon da ya sha yawo kuma wuri ɗaya. Kamfani ya ga ɓarnar, ikkilisiya ba ta gani ba. Karin Magana 26:20 ta ce in ba itace wuta takan mutu. An taɓa jin an sa wani a horo don ya tura ƙarya?

Sannan in faɗi wadda za ta ɓata wa wasu rai. 'Yar'uwa ta sa hoto ba ɗankwali, kafin yamma kwamiti ya zauna. Ɗan'uwa yana da manhajar caca, yana kwana a kan ƙwallon Turai yana buga tikiti, ba mai cewa uffan. Dalili ɗaya ne da na eriyar Baba Dattijo: nata ana gani, nasa ba a gani. Laifi tudu ne.

Dattijo_Ishaku:
'Yata, ba ki yi ƙarya ba. Kuma ƙwallon nan, ikkilisiyoyin tsarki na da da yawa sun hana zuwa filin wasa kamar yadda suka hana silima. Yau ana duba sakamako ana tsakiyar wa'azi, an buɗe manhajar Littafi Mai Tsarki a gefe don rufe ido.

Kefas_K:
Shi ya sa nake cewa a riƙa zuwa sujada da Littafi na takarda. Wannan aƙalla ana iya yi.

Malama_Tabita:
A nan ina tare da kai, Kefas, in an kira shi da sunansa: tsarin sujada, ba sharaɗin ceto ba. A bar wa masu raunin ido da ke ƙara girman rubutu a waya hanya, su sa ta a yanayin jirgin sama, tunda ana iya sauke fassarar a karanta ba data.

Akwai kuma batun finafinan Kirista. Ikkilisiyar da ta ce wasan kwaikwayo ƙarya ne, don mutum yana nuna abin da ba shi ba, ita ce ke haska fim ɗin bishara da majigi a taron farkawa. In kwaikwayon ne laifi, duka laifi ne. In abin da ke ciki ne, to a faɗi ma'aunin, Filibiyawa 4:8 tana nan. Kuma a auna fim ɗin da aka lika wa sunan Kirista da ma'aunin nan, don wasunsu tsoron mayu suke koyarwa fiye da Almasihu.

Ɗan_Zabura:
Mun yi nisa. Ina komawa tambayata: waɗanda aka hora saboda talabijin fa? Kuma me za a rubuta a littafin dokoki yanzu?

Rabaran_Y:
Na farko, a tsaya a bagade a faɗa. Ba a ofis ba, tunda horon ma a gaban jama'a aka yi shi. A ce: mun kafa wannan doka don kaza, mun yi kuskure da muka kira ta umarnin Allah, ga abin da ya maye gurbinta. Wanda aka hana jibi kuma yana raye, dattawa biyu su je gidansa. Bulus ya tsawata wa Bitrus a gaban kowa a Antakiya, Galatiyawa 2:11-14, a kan yin fuska biyu, ikkilisiya ba ta rushe ba.

Na biyu, rubutun ya zama gajere. Taron Urushalima a Ayyukan Manzanni 15 abubuwa huɗu kawai ya ɗora wa al'ummai. A jera ayyukan da nassi ya hana a kowace na'ura, da ayoyinsu. Waɗannan ne ke jawo horo, bisa matakan Matiyu 18:15-17. A ƙasa, da wani kan magana dabam, a jera shingayen da ikkilisiya ta amince da su, kamar shekarun da za a ba yaro babbar waya, wayoyi a falo da dare, ba ɗaukar hoton mai kuka a gaban bagade ana watsawa. Kowanne da dalilinsa a rubuce da shekarar da za a sake duba shi, misali duk bayan shekara 2. Kada a ambaci sunan manhaja a dokar, gobe wata za ta fito.

Kefas_K:
Baba Rabaran, da girmamawa. Duk cocin da ya tashi daga "kada ka mallaka" ya koma "ka yi hattara", ku nuna mini ɗaya da membobinsa suka rage kallo. "Hattara" ba ta da haƙori. Kolosiyawa 2:23 da kuke shirin jefo mini na sani, dokokin "kada ka taɓa" ba sa kashe sha'awar jiki. Amma rawanin rufi ma ba ya kashe sha'awar tsalle, duk da haka Allah ya ce a gina.

Malama_Tabita:
Wannan ƙorafin yana da nauyi, ban da amsarsa cikakkiya. Sai dai cocin da ya riƙe "kada ka mallaka" ma membobinsa ba su rage kallo ba, ɓoyewa suka koya. Ɗaya ya rasa haƙori, ɗayan yana cizon iska.

Injiniya_Haruna:
Kafin a gama rubuta dokar ma ga wata ta iso: manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta wa'azi, su kwaikwayi muryar mutum, su haɗa hoton da ba a taɓa ɗauka ba. Fasto ya hau bagade da wa'azin da na'ura ta rubuta ya ce "Ubangiji ya ba ni wannan saƙo", a wane hawa za mu sa shi, Baba Rabaran? Na farko ko na biyu?

Rabaran_Y:
In ya ce Ubangiji ya ba shi alhali kwafowa ya yi, na farko ne, ƙarya ce, ko daga na'ura ya kwafo ko daga littafin wani. In ya nemi ayoyi da ita kamar yadda ake buɗe ƙamus, wannan sai dattawa su zauna.

MamanYara_3:
Malam Mai Gyara, Family Link ɗin yana aiki in uwa na da iPhone, yaro na da Android?

Mai_Gyaran_Waya:
Yana yi, Mama. A sauke manhajar a iPhone ɗin uwar, a shiga da asusun Google nata. Akasin haka ne ba ya kamawa: in yaron ne ke da iPhone, sai dai Screen Time. Kuma a cire duk wani tsohon asusu daga wayar yaron kafin a fara, in ba haka ba saitin zai tsaya a rabi.